Ranar da Kwamanda Ya Kafa Namele a Gada

Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya da Kaloris, don haka kada wani ya ce ƙiyayya ce ta sa nake ba da labarinsa. Shi ne babba, ni nake bi masa. Tun muna yara yake da cika baki, amma da ya je Ostireliya ya yi shekara huɗu ya dawo, sai abin ya zama ciwo. Ya dawo mana da wata riga mai ƙyalli irin ta masu gyaran hanya, da usur rataye a wuya. Ya ce a manyan jiragen ruwa na 'yan yawon shaƙatawa ya yi aiki, shi ne shugaban tsaro, kyaftin ba ya juya jirgi sai ya ji ta bakinsa. Daga ranar ya hana kowa a tsibirin Lamaro ya kira shi Kaloris, sai dai Kwamanda. Har matarsa Touliu haka take kiransa, sai dai ita in ta faɗa, kamar tana kiran kare ya zo ya lashe kwano.

'Yata Marinet ita ce ke aikin jirgi na gaskiya. Gyaran ɗakuna take yi a wani farin jirgi mai hawa goma sha biyu, kuma shekara biyu da wata bakwai ke nan ban sa ta a idona ba. Jirginsu ba ya biyowa ta wajenmu. Daga Birisben sai Numeya, sai wasu tsibirai can, sai su koma. To da tarzoma ta ɓarke a Numeya, aka tare hanyoyi aka ƙona motoci, jirage suka soke tsayawa can, suka shiga neman inda za su sauke fasinjoji su miƙe ƙafa. Ranar wata Litinin ina kan tudun da muke samun sabis sai ga wayarta.

"Mama, ranar Alhamis za mu tsaya a Lamaro!"

Na zauna daɓas a kan ciyawa.

"Shugabata ta ba ni hutu daga takwas na safe zuwa uku na yamma. Awa bakwai, Mama. Ki yi mini laflaf na doya da kaza, mai kwakwa da yawa. Amma fa ku yi hankali. Kyaftin ya ce sai ya duba wurin da idonsa kafin ya sauke mutum ko ɗaya. Fasinjojin nan a tsorace suke, ko hayaƙin taba suka hango sai su ce an fara."

Kuskurena ɗaya a duniya, da na sauko ina murna, Yaya Kaloris na fara cin karo da shi, na kuwa kwashe labari na faɗa masa.

Kafin la'asar ya sa an buga gangar itace, gari ya taru a dandali. Mai Gari Tarimasu na zaune a kujerarsa, tsoho tukuf, kunne ɗaya ya daina aiki, gwiwa biyu sun bi sahu. Kwamanda ya tsaya a tsakiya cikin rigarsa mai ƙyalli, ya hura usur ko da yake ba mai magana.

"Baba Mai Gari, ku bar mini wannan aiki. Na san Bature ciki da bai. Bature ba ya yarda akwai zaman lafiya sai ya gan shi da ido."

Touliu ta ce daga cikin mata, "To mu zauna lafiya mana ya gani. Ba shi ke nan ba?"

"Ke me kika sani game da tsaro? Zaman lafiyar da ba a shirya ba ai sakaci ne."

"Shekara nawa muna zaune ba shiri, wa ya mutu?"

"Touliu, a jirgi in ina magana ko kyaftin shiru yake yi."

"Barci yake yi, Kwamanda, kamar yadda Baba yake yi yanzu."

Aka duba, ashe kuwa Mai Gari ya fara gyangyaɗi. Kansa ya yi ƙasa sau biyu, Kwamanda ya ce ai kowa ya gani, an amince.

Kwana biyu gari bai huta ba. Ya ce aladu ba za su sauko bakin teku su tsorata baƙi ba, sai ya sa aka gicciye kututturan kwakwa da tsofaffin gangunan mai a kan hanya, hanya guda ɗaya tak da muke da ita. Ya tara mazan nan goma sha biyu da ke rawar tarbar baƙi, waɗanda kan shafa baƙin gawayi su ɗaura ganye su fito a guje da kulake suna ihu don Turawa su ɗauki hoto, ya ce daga yau su ne jami'an tsaro. Suka tambaye shi kayan aiki, ya ce su zo da na rawar, da kwarjini ya fi. Ya sa aka share bakin teku tas, aka tara sharar wuri ɗaya, tulin da ya fi ɗakina tsawo. Na ce masa, "Yaya, kada dai a ƙona wannan ranar Alhamis." Ya ce, "Leiwia, ke ki kula da tukunyarki." Ya ce akwai kuma wani babban shiri da ba zai faɗa wa kowa ba, domin sirri shi ne rabin tsaro.

Ranar Alhamis da sassafe na fitar da laflaf daga cikin duwatsu masu zafi, ƙamshinsa har gidan maƙwabta. Na naɗe shi a sabon ganye, na sa doguwar rigata ta zuwa coci, na ɗora shi a ka. Muka gangara mu wajen mata talatin, wasu da tabarmi da jakunkunan saƙa, wasu da ƙaguwa dafaffa, wasu da matajin kitso. Muka haura shingen Kwamanda ɗaya bayan ɗaya muna tattare riga muna tsine masa. Da muka iso bakin gadar katakon da ƙananan jirage ke sauke mutane, sai ta gaba ta tsaya cak, ta bayanta ta yi karo da ita.

Ganyen namele ne, itacen nan mai kama da ƙaramin dabino, guda biyu, a gicciye, an ɗaure a bakin gadar.

Ko yaron da bai iya ɗaura wando ba ya san abin da wannan ke nufi. Inda aka gicciye namele akwai rigima a wurin, kuma ba mai taka shi, ba mai ɗaukar ko ƙwayar kwakwa, sai mai gari ya zauna ya sasanta ya cire da hannunsa. To ba ma guda ɗaya ba ne. Kowane ginshiƙi na gadar da nasa, tun daga can ƙarshe cikin ruwa har zuwa inda muke. Rumfunan kasuwarmu kowace da nata. Har ƙofar bayan gidan da muka gina wa baƙi bai bari ba.

Sai ga shi ya fito daga bayan rumfa yana kakkaɓe hannu, baki har kunne.

"Yaya kuka gani? Daga ƙarshe na faro ina ja da baya, kamar mai sharar ɗaki."

Na ce, "Yaya, kai ka yi wannan?"

"Wa kuma zai iya? Ku tsaya in tambaye ku. Mene ne a jikin tutar ƙasarmu?"

Wata ta ce, "Namele."

"Me malamin makaranta ya ce yana nufi a can?"

"Zaman lafiya."

"To! Kyaftin mutum ne mai ilimi, ya san tutar kowace ƙasa. Da ya ɗora madubin hangen nesa zai ga zaman lafiya, zaman lafiya, zaman lafiya, har goma sha tara."

Touliu ta sauke kwandonta a hankali. "A jikin tutar ai har da haƙorin alade. Me ya hana ka rataya alade a kowane ginshiƙi?"

"Na yi tunanin haka, lokaci ne ya ƙure."

Na ce, "Cire su. Yanzun nan, kafin jirgi ya ɓullo."

Ya ga fuskata ba wasa, ya miƙa hannu wajen na bakin gadar. Mata talatin suka kwarma ihu a tare, shi ma da kansa ya janye hannun kamar ya taɓa garwashi. Duk zaman Ostireliyar bai mantar da shi wannan ba: wanda ya kafa namele ma ba ya cirewa. Na ga ya sha jinin jikinsa, amma ya gyara wuyan riga ya ce wannan ƙaramin abu ne, a je a ɗauko Mai Gari.

Motar ɗaukar kaya guda ɗaya ce a Lamaro, kuma tana can bayan shinge. A baro aka turo Mai Gari, aka ɗaga shi da baron aka tsallakar. Yana isowa jirgin na ɓullowa daga bayan tsibiri, fari fat, ya tsaya can nesa da duwatsun ruwa ya saki anka. Marinet na ciki. Na kasa ɗauke ido daga kansa.

Mai Gari ya dubi ganyayen ɗaya bayan ɗaya, ya juyo da kunnen da ke aiki.

"Wa ya kafa?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Da wa kake rigima?"

"Ba ni da rigima da kowa."

"To me zan sasanta?"

"Ba sasantawa za ka yi ba, Baba, cirewa kawai za ka yi."

"Kaloris, ina mai gari tun ba ka fara tafiya ba. Ban taɓa cire namele ba rigima ba. Sai mai ƙara ya zo, wanda ake ƙara ya zo, a ji ta bakin kowa, a sha ruwan saiwar kava na sulhu, sannan a cire."

Na ce, "Baba, ga mai ƙara. Ni ce nake rigima da shi, tun ranar da aka haife ni."

Tsohon ya gyaɗa kai. "Wannan ta karɓu. Sai a zauna in rana ta faɗi."

"Baba, jirgin ƙarfe uku zai tashi!"

"'Yata, kin taɓa ganin an sha kava da hantsi?"

Ana cikin haka iska ta kawo wani wari. Kwamanda ya bar wa ɗaya daga cikin jami'an tsaronsa umarni, da zarar jirgi ya ɓullo ya cinna wa tulin shara wuta don a kori sauro kafin baƙi su sauko. Mutumin ya cika umarni. Abin da ba wanda ya tuna shi ne tsofaffin tayoyin da muke ɗaurawa a jikin gada, Kwamanda ya ce suna ɓata tsari, ya sa an jefa su ƙarƙashin tulin. Baƙin hayaƙi ya murtuke ya miƙe sama, ya fi itatuwan kwakwa tsawo.

Wayata ta yi ƙara. Ashe jirgin ya zo da nasa sabis ɗin.

"Mama, me ke ƙonewa?"

"Shara ce, 'yar nan. Kawunki ne."

"Me ya tare hanya can sama?"

"Na aladu ne. Kawunki ne."

"Mama, wakilin kamfani ɗan ƙasarmu ne, daga Fila babban birni, yana nan sama da kyaftin. Ya ƙirga namele goma sha tara. Ya ce a garinsu guda ɗaya ake kafawa a rufe makaranta sukutum. Ya ce tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa ganin rigimar da ta kai goma sha tara ba."

"Ki ce musu zaman lafiya ne! Ki ce na jikin tuta ne!"

"Mama, ni gado nake gyarawa. Wa zai bar ni in hau wajen kyaftin?"

Kwamanda ya fizge wayar. "Marinet, Kawu ne. Ki gaya wa kyaftin komai na hannuna."

Ban ji abin da ta ce masa ba, amma ya miƙo mini wayar da sauri.

Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila an gyara. To akwai mutanen Bayan Dutse, dangin su Obed. Tun zamanin kakanni suke cewa bakin tekun nan na kakansu ne, mu kuma muna cewa namu ne. Shekara arba'in maganar na kwance, muna auratayya, muna coci ɗaya, ba mai tayar da ita. Labari ya kai musu cewa Kaloris ya kafa namele a gada da kasuwa, suka ce to, ashe yau ce ranar. Suka taso su wajen ashirin da sanduna, suka tarar da shinge a hanya, suka ce ka gani ko, har tare mu suka yi.

Obed ya hau kan kututture yana nuna mu da sanda. "Kaloris! Ƙasar ubanka ce da za ka kafa mata ganye?"

"Obed, ka kwantar da hankalinka, wannan harkar tsaro ce, ba za ka gane ba."

"Har da masai? Masan ma na kakanka ne?"

Kwamanda ya ga ana neman raina shi a gaban mata, ya hura usur don a yi shiru. Ya manta shi da kansa ya gaya wa masu rawa cewa usur ne alamar fitowa. Maza goma sha biyu, baƙi ƙirin da gawayi, ganye a ƙugu, suka ɓarko daga cikin kurmi da kulake sama suna kururuwa kamar yadda suka saba yi wa Turawa. Suka duba ba Turawa, sai mutanen Obed. Da yake sun riga sun taso, sai suka nufe su.

Ban san wanda ya fara kai duka ba. Na dai ga kwandon ƙaguwa ya tashi sama. Na ga matar Obed tana bin wani mai rawa da matajin kitso, shi kuma ganyen ƙugunsa ya kwance yana gudu yana riƙe da shi. Wani ya ture gangar mai daga shinge, aladun da aka tsare kwana biyu suka samu ƙofa, suka kwararo bakin teku gaba ɗaya. Mai Gari na cikin baro a tsakiyar fili yana cewa a yi magana ɗaya-ɗaya. Abin mamaki, duk wannan turmutsitsin ba wanda ya kuskura ya taka inda namele yake. Ana dambe ana kauce wa rumfuna.

Wayar ta sake ƙara. Wannan karon muryar Marinet a sanyaye take.

"Mama, kyaftin ya yi sanarwa. Ya ce saboda halin da ake ciki a tsibirin, ba wanda zai sauka. Fasinjoji duk sun taru a gefe ɗaya suna ɗaukar ku hoto. Wata tsohuwa tana kuka, wai ta ga an kashe wani an ɗora a baro."

"Mai Gari ne, da ransa!"

"Nan da awa ɗaya za mu tashi. Mama, ina hango ki. Ke ce mai shuɗiyar riga da kaya a ka?"

Na ƙura wa jirgin ido. Ni ban hango ta ba, sai ɗigo-ɗigon mutane a jikin ƙarfe. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba, na juya na dubi Yayana, na ce, "Kaloris." Sunansa na yanka, a gaban kowa.

Ya juyo, ya buga ƙirji. "Ni da kyaftin maganar minti biyu ce. Mu ma'aikatan jirgi muna da yarenmu."

Ya ja kwalekwalen wani ya tura ruwa. Addarsa na hannu, don ba namijin Lamaro da ke fita ba adda, ko coci zai je sai ya ajiye ta a bakin ƙofa. Touliu ta bi shi har ruwa ya kai mata gwiwa.

"Kwamanda, ka dai tuna kai kaɗai ne a tsibirin nan kake iyo kamar dutse!"

"Shugaban tsaro ba ya faɗawa ruwa!"

Faɗa ya tsaya, kowa ya koma kallo. Muka ga ya doshi jirgin, ya miƙe tsaye a cikin kwalekwale yana ɗaga adda sama don a lura da shi, yana hura usur. Aka kuwa lura da shi. Wani farin ruwa ya fito daga jikin jirgin ta mesar kashe gobara, ya ɗauke shi ya ajiye a teku, kwalekwalen ya kife. Touliu ta dafe ƙirji. Sai muka ga an sauke ƙaramin jirgi mai ruwan lemo, aka tsamo shi da ƙugiya ta wuyan rigar mai ƙyalli.

Abin da ya faru a ciki daga baya Marinet ta ba ni labari. Suka tambaye shi ko shi wane ne, ya ce Kwamanda. Suka dubi juna, suka ce kwamandan su wa? Ya nuna tsibiri, ya ce duk mutanen can da kulake nasa ne, shi ya tare hanya, shi ya sa a kunna wuta, kuma da hannunsa ya kafa ganyen nan. Babbar jami'ar tsaron jirgin, wata doguwar Baturiya, ta tambaye shi me yake buƙata kafin ya bar su su tafi lafiya. Ya ce a sauke masa fasinjoji duka. Nan take aka rufe ƙofofi. Sai da wani ya tuna akwai 'yar Lamaro a masu gyaran ɗaki aka kirawo ta ta yi tafinta. Ta shigo da tawul a kafaɗa, ta ce, "Kawuna ne. Ba shi da tawaye, ba shi da komai. Wata uku ya yi yana wanke tukwane a wani jirgi aka sallame shi, sauran shekarun mangwaro ya tsinka a gona." Ta ce Baturiyar ta daɗe tana kallon silin.

Ba sa iya tafiya da shi ba takardu, ba sa iya jefa shi ruwa. Sai muka ga jirgin mai ruwan lemo ya nufo mu. Ya tsaya a ƙarshen gada, aka ɗora wani abu mai walƙiya a kan katako. Yayana ne, tsamo-tsamo, an naɗe shi da bargon azurfa kamar kifin da za a gasa. A bayan jirgin kuma, kusa da Baturiyar, wata ta miƙe tana ɗaga hannu biyu.

"Mama!"

Na zabura zan hau gadar, Touliu ta riƙo rigata. Namele na gabana. Tsawon gadar bai fi taku sittin ba, 'yata na can ƙarshe, ni ina nan. Marinet ta ɗaga murya ta ce an ba ta minti biyar, kuma an hana ta taka ƙasa.

Na juya wajen baro. "Baba! Namelen nan har da ruwa?"

Tsohon ya karkato kunne, na maimaita da ƙarfi. Ya dubi gada, ya dubi teku, ya sosa gemu kamar muna da yini guda.

"A katako na ga ya kafa. Ban ga ya kafa a teku ba."

Na faɗa ruwa da rigar coci, laflaf a ka. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji. Marinet ta yi wa direban magana ya matso da jirgin gefen gada. Ta sunkuyo ta rungume wuyana har muka kusa kifewa mu biyu. Ta rame, ta yanke gashi. Na miƙa mata ƙunshin, Baturiyar ta girgiza kai ta ce doka ta hana shiga jirgi da abincin waje. Marinet ta ce to ai ba a hana shiga da shi a ciki ba. Ta kwance ganyen a kan gwiwarta, ta sa hannu, tana ci tana kuka, madarar kwakwa na bin haɓarta. Baturiyar ta dubi agogo, ta dubi gefe, ta sake duban agogo. Da lokaci ya cika ta taɓa kafaɗarta a hankali. Marinet ta cusa loma ta ƙarshe, ta miƙo mini ganyen, injin ya tashi.

Na fito ina ɗigar ruwa. Gari duka na tsaye a bakin teku, da mu da mutanen Obed. Babban jirgin ya yi kuka sau uku ya fara juyawa.

Sai ga murya daga ƙarshen gada.

"Leiwia! Ki faɗi gaskiya a gaban jama'a. Wa ya kawo miki 'yarki har gida?"

Touliu ta ce, "To taho mana a yi maka godiya, Kwamanda."

Ya tako, bargon na ƙara, ya iso ginshiƙi na farko ya ga ganyensa, ya tsaya. Ya leƙa ruwa, ya ga zurfinsa, ya ja da baya. Ya dubi Mai Gari.

"Baba, a taimaka a cire ko na gefe ɗaya ne."

Mai Gari ya gyara zama a cikin baro. "Ɗazu ka ce ba ka da rigima da kowa. Bari in tambaya. Wa ke ƙarar Kaloris?"

Hannuwa suka tashi, na mata, na masu rawa, na mutanen Bayan Dutse, Touliu ta ɗaga biyu. Tsohon ya bi su da kallo ya ce namele goma sha tara ne, kuma shi a ƙa'idarsa rigima ɗaya yake saurara a yini. Ya ce da na masai za a fara.

Aka kwashe da dariya, har Obed sai da ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Ni ban ɗaga hannu ba, ban kuma yi dariya ba. Ina tsaye da ganyen a hannu ina kallon jirgin yana ƙanƙancewa, sai a lokacin na tuna ban tambaye ta ko tana lafiya ba, ban tambaye ta yaushe za ta dawo ba, ban gaya mata na yi kewarta ba. Minti biyar ɗin nan gaba ɗaya, abin da na yi ta faɗa mata ke nan: "Ci a hankali, 'yar nan, kada ki ƙware."